Jinin Ragon Baba

Shafi na 19

Masu cika min waya da "Anti ina labari, Anti kin rataye mu", na ji ku. Kwana uku ba wuta a layinmu, sai yau na samu caji a shagon mai aski. Ke kuma da kika rubuta cewa Rahma ta cika taurin kai, wai ƙaramin ma'aikaci ba ya ja da ogansa, gyara zama ki karanta wannan shafin tukuna.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Rahma Haladu ma'aikaciyar lab ce a wani asibitin kuɗi da ke Kwararafa. Aikinta shuka ƙwayar cuta: a kawo mata jinin marar lafiya, ta shafa a kan faranti mai abincin da aka kwaɓa da jinin tunkiya, ta jira ta ga abin da zai tsiro. To tumakin lab ɗin guda biyu, waɗanda ake kiwo a bayan ɗakin janareta don jininsu kawai, tun bikin ƙarshen shekara suka shige tukunyar farfesu. Wata biyar ke nan shugaban lab, Oga Hezekiya, yana kwaɓa faranti da tsohon jinin mutane da ya wuce lokacinsa a firji. Yanzu ga jaririn wata mata Magadaliya, ɗan kwana biyar, kwance a gado na huɗu. Oga ya rubuta babu ƙwayar cuta a jininsa, likita ta ce yau da ƙarfe tara za ta sallame shi. Ita kuwa Rahma ta shuka jinin yaron a nata farantin, a ɓoye.

*

Takwas saura kwata Rahma ta tura ƙofar lab, ko lemarta ba ta naɗe ba. Tun asuba ake ruwa, irin mai sanyin nan da ke shiga ƙashi. Ta wanke hannu, ta zura safar roba, ta buɗe inkubeta, akwatin ɗumin da ake ajiye farantai. Ɗumi ya bugi fuskarta. Ta durƙusa ta miƙa hannu can ƙuryar ƙasa, bayan wasu kwalabe da ba wanda ya taɓa tun bara, ta zaro farantin.

Ba ta duba nan take ba. Sai da ta yi bismilla.

Jiya da rana ta ja layi ɗaya a tsakiyarsa da ƙwayar staf, wadda suke ajiyewa don gwaji. Sannan ta ja na biyu da ƙwayar da ta tsiro daga jinin jaririn, ya doshi na farko kamar zai taɓa shi, ya tsaya. In dai abin da take tsoro ne, wato strep 'yar rukunin B, to daidai inda layukan suka kusa gamuwa jan jinin zai narke ya bar siffar kan kibiya. Shi ne gwajin CAMP, kuma ba ya fita a jinin mutum ko za ka shekara kana jira.

Ta ɗaga farantin saitin taga.

Ga kibiyar nan tas, kamar an zana ta da reza.

Ni da nake ba ku labari na so a ce murna ta yi, don ta yi gaskiya. Ba ta yi ba. Domin wannan abu a jinin ɗan kwana biyar yake yawo.

"Farantin waye wannan?"

Oga Hezekiya ne a bakin ƙofa, filas ɗin shayi a hammata, rigar sanyi har wuya. Dattijo ne mai furfura, shekara talatin yana wannan aiki, kuma shi ya koya wa Rahma yadda ake riƙe waya a ja layi a faranti. In ransa a kwance yake yakan tuna ya ce mata "ke". In ka ji ya koma "kai", to kowa ya nemi mafaka.

"Ina kwana, Oga. Na jaririn Magadaliya ne."

"An gama da wannan. Jiya na sa hannu. Ba abin da ya tsiro."

"A farantinka ne bai tsiro ba."

Ya ajiye filas ɗin a hankali. Ya matso. Tun kafin ya iso idonsa ya riga ya gaya masa, don farantin jinin tunkiya ja ne jawur mai sheƙi, ba irin nasu mai kalar tsohon zoɓo ba.

"Ina ka samu jinin tunkiya?"

"Rago ne. Na layyar Baba."

"Me ka ce?"

"Ranar Asabar ƙawata Atine ta zo daga cibiyar dabbobi ta Vom da allurarta da kwalbarta. Muka ɗaure shi a tsakar gida, ta ɗiba a jijiyar wuya. Baba sai da ya je ya tambayi liman ko ragon zai yi layya bayan haka. Aka ce zai yi. Har yau dai ba ya amsa gaisuwata da kyau."

"Da izinin wa ka shigo da jinin waje lab ɗina?"

"Da izinin wa aka fitar da tumakinmu?"

Oga ya gyara wuyan rigar sanyinsa.

"Tumakin nan ciwo ya kashe su," in ji Oga. "Yana rubuce."

"Wane irin ciwo ne ake zuba wa citta da kimba? Oga, ni kwano biyu na sha. Kai da hannunka ka tsamo min ƙafa."

"Rahma, ka iya bakinka."

"Wata biyar na iya shi. Wata biyar ba mu ga strep ko ƙwara ɗaya a ɗakin nan ba. Ba a maƙogwaron yara ba, ba a jini ba, ba a mata masu ciki ba. Hijira suka yi daga Jos? Ko sun koma Bukuru da zama?"

"Jini dai jini ne."

"Ba haka ka koya min ba. Kai ka ce mutumin garin nan kafin ya zo ba da jini ya riga ya haɗiyi kafso huɗu a kemis. Ka ce in ka zuba jininsa a faranti, guba ka zuba wa ƙwayar cuta a abinci, sannan ka zauna kana jiran ta tsiro. Ina da littafin da na rubuta, da kwanan wata."

Oga ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa. Ya mayar. Ku san malami malami ne, ko yana cikin rigima halinsa ba ya barinsa. Kafin ya ankara bakinsa ya fara yi mata jarrabawa.

"Ka yi mata rini?"

"Na yi. Shunayya ta kama. Ƙwara-ƙwara a jere, kamar carbi."

"Haidirojin fa?"

"Na ɗiga mata. Ko kumfa ɗaya ba ta yi ba. Ba staf ba ce."

"Faifan maganin basitrasin?"

"Ta tsiro har jikinsa, ko gezau. Da 'yar rukunin A ce da ta ja da baya ta bar masa fili."

"Kawo."

Ta miƙa masa. Ya ɗaga saitin taga, ya karkata hagu, ya karkata dama.

"Kibiya mai kyau," ya ce can ƙasan maƙoshi, kafin ya tuna a wane ɓangare yake.

Rahma ta zaro takardar sakamako daga aljihu. Ta riga ta cike ta, wurin sa hannu kawai ta bari, don dokar asibitin ita ce takarda ba ta fita daga lab sai da hannun shugaba in yana nan.

"To sa hannu, Oga. Takwas da kwata yanzu. Ƙarfe tara Dakta Obiamaka za ta sallame su."

Bai karɓa ba.

"Ka san abin da wannan takarda take cewa?"

"Tana cewa yaro na da strep a jini."

"Tana cewa duk abin da ya fita daga ɗakin nan tun Disamba ƙarya ne. Mai asibiti shi ya ce a yanka tumakin, amma sunan wa ke kan takardar da ta ce sun mutu? Nawa. In maganar nan ta fita, rufe wurin nan za a yi. Mutum arba'in ke cin abinci a nan. Masu shara, masu gadi, nas-nas. Ka yi tunaninsu?"

"Na yi. Na kuma yi tunanin gado na huɗu."

"Yaron ya warke! Na gan shi jiya, yana shan nono, zazzaɓi ya sauka."

"Ya sauka ne don kwana uku yana kan allura. Ba mutuwa ta yi ba, Oga, kwanciya ta yi. A cire allurar yau a kai shi gida, kafin sati ta miƙe. Ka fi ni sanin inda take dosa a jikin jariri."

Ya mayar da ido kan farantin.

"Ƙwaƙwalwa," ta faɗa masa. "Kwana goma yake buƙata a ƙalla, ta jijiya."

"To ji. Zan je in samu Dakta a gefe, in ce ta haɗa masu sirof su tafi da shi. Ba takarda, ba surutu. Gobe in aika Vom a sayo jinin tunkiya, mu ci gaba kamar ba a yi ba. Kowa ya huta."

"Sirof?"

"Sirof mai ƙarfi."

"Da jikanka ne a gadon, sirof za ka ba shi?"

Nan fa idonsa ya kaɗa. Ya juya da farantin a hannu ya nufi lungun da bokitin bilic, ruwan kashe ƙwayar cuta, yake, inda ake jefa farantan da aka gama da su. Ya taka murfin ya buɗe. Wari ya tashi. Ya riƙe farantin a saman ruwan.

Rahma ba ta motsa ba. Hannu ma ta harɗe a ƙirji.

"Sake shi, Oga."

Bai sake ba.

"Sake shi mana. Ranar da na fara aiki a nan ka ce min mutum yana ƙarya, likita yana kuskure, faranti ne kaɗai ba ya ƙarya. Ka sa na maimaita sau uku. Sake shi in gani da idona, in san wanda ya koya min aiki ya mutu, in je gida in yi kukana."

Wallahi tsayuwar nan ta kai minti guda. Ruwa na zuba a waje, firji na gurnani, dattijo na tsaye a kan bokiti.

Ya ɗauke ƙafa. Murfin ya faɗa ya rufe.

Ya dawo ya ajiye farantin a kan tebur, a hankali, yadda ake ajiye ƙwai. Rahma ta sauke numfashi, ta zaci an gama. Ashe yanzu za a fara.

Oga ya zaro makulli ya buɗe durowarsa ta ƙasa. Ya fito da wata takarda guda ɗaya, ya shimfiɗa ta kusa da farantin, ya danne da yatsa.

"Kafin ka fita ka zama jarumi, karanta wannan."

Takardar awon ciki ce. Irin gwajin da asibitin ke tallarsa a allon bakin titi, wanda ake yi wa mace in cikinta ya shiga watan haihuwa, don a ga ko tana ɗauke da wannan ƙwaya. In an gani, sai a yi mata allura lokacin naƙuda, jariri ya fito lafiya. Abu mai sauƙi.

Suna: Magadaliya Chollom.

Sati biyar da suka wuce.

Sakamako: ba a ga komai ba.

A ƙasa kuma, da shuɗin biro, da ɗan lanƙwasan nan da take yi wa harafin ƙarshe tun tana sakandare: R. Haladu.

"Ranar ina Riyom wurin jana'izar yayana," in ji Oga. "Kai ka riƙe lab. Kai ka karanta faranti. Kai ka sa hannu."

Rahma ta tuna ranar sarai. Alhamis ce, ranar awo. Mata cike da benci suna jira, wasu har sun fara mita. Ta ɗaga farantan ɗaya bayan ɗaya, duk wayam, ba abin da ya tsiro. Zuciyarta ta ce mata wannan ba daidai ba ne. Ta ce wa zuciyar ta yi shiru, ai ta rubuta wa Oga wasiƙa har sau biyu, ta fita haƙƙi. Ta ja biro.

Kunya ta kama ta, irin wadda ke sa mutum ya ji jikinsa ya yi masa nauyi. Da ta tsaya a ranar yadda ta tsaya yau, da yaron nan bai taɓa ganin allura ba.

"In ka kai wancan," Oga ya nuna farantin, "tambayar farko da Dakta za ta yi ita ce, ya aka yi ba a gani a uwar ba? Sai a ɗauko wannan. Ni tsoho ne, na gama nawa. Kai fa? Shekara nawa da lasisinka, uku? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, Rahma. Tare muka sha farfesun nan."

Ta daɗe tana kallon takardar. Sai wani abu ya faɗo mata.

"Oga, takardun awo a sito ake ajiye su. Cikin kwali."

"To?"

"Yaushe ka je ka tono wannan?"

Ya kau da kai.

"Yaushe?"

"Jiya."

"Jiya. Kafin ka san na yi faranti." Muryarta ta sauka ƙasa. "Ke nan da ka ga kwalbar jinin yaron ta gurɓace, ka ce min dattin hannun nas ne, ka san ba datti ba ne. Ka sani. Maimakon ka je wurin likita, sai ka tafi sito neman igiyar da za ka ɗaure ni."

"Na yi ne don in kare..."

"Don ka kare wa?"



Rahma ta miƙa hannu ta zare takardar daga ƙarƙashin yatsansa. Bai hana ba, don bai taɓa zaton abin da za ta yi ba. Ta ninke ta ta sa a aljihu. Ta jawo takardar sakamakon da ta cike, ta sa hannu a inda aka tanada wa shugaba, ta rubuta lambar lasisinta a ƙasa da manyan baƙi yadda makaho ma zai shafa ya karanta. Ta naɗe bakin farantin da salatif, ta sa shi a roba mai murfi.

"Me kake yi?"

"Aski. Ai ka ce dole ne."

"Lasisinka zai tafi!"

"Ya tafi. Baba na da keken ɗinki biyu a Nasarawa Gwom, ɗaya ba kowa a kai."

"Rahma, in ka fita ƙofar nan, kar ka dawo."

Ta tsaya, hannunta a kan mariƙin ƙofa.

"Oga, akwai sauran faranti goma sha biyu na jinin ragon Baba a firji, cikin baƙar leda. In akwai sauran malamina a jikinka, ka yi aikin yau da su."

Ta fita.

*

Tsakanin lab da ɗakin jarirai akwai fili ba rufi. Ta manta lema. Ta rungume robar a ƙirji ta ratsa ruwan da gudu, takalminta ɗaya ya kusa zama a taɓo. Agogon baranda ya ce tara saura minti goma.

Ashe Dakta ta riga lokaci.

A gado na huɗu an riga an yaye zanin gado. Magadaliya na tsaye, doguwar mace mai faɗin kafaɗa, ta haɗa kayanta a jaka, ta sunkuya tana gyara jaririn cikin tawul. A bayan hannunsa ga 'yar auduga da filasta, inda aka zare allurar. Sai murmushi take, irin na wadda ta kwana uku a kan kujerar roba yau za ta ga katifarta.

Dakta Obiamaka, likitar yara, na gefe tana rubutu a fayil. Haifaffiyar Jos ce, Hausa a bakinta kamar ruwa.

"Dakta, kar ki sallame shi."

Duk ɗakin ya juyo. Ga Rahma a jiƙe sharkaf, ɗankwali ya manne a goshi.

"Lafiya, Rahma? Sakamako ya fito tun jiya."

"Wancan ba daidai ba ne. Ga na gaskiya."

Dakta ta karɓa ta karanta. Girarta ta haɗe.

"Ina hannun Mista Hezekiya?"

"Babu."

"Kin san doka."

"Na san ta. Ki duba farantin, in ya so ki kai ni ƙara daga baya."

Dakta ta dube ta, ta dubi robar. Ta buɗe, ta ɗaga farantin saitin fitila. Ita ba 'yar lab ba ce, amma ta yi makaranta, kuma wannan kibiya ba a manta ta.

"Rukunin B?"

"Ita ce. A jini."

"Kin tabbata?"

"Rini, haidirojin, basitrasin, ga kuma CAMP. A kan jinin rago. Na jiya a kan tsohon jinin mutum aka yi shi, shi ya sa bai nuna ba."

"Jinin mutum?" Dakta ta sauke farantin. "Tun yaushe?"

"Tun ranar farfesu."

Nas ɗin da ke tsaye da tire ta dafe baki. Ita ma ta sha.

Dakta ba ta ɓata lokaci ba. "Sista Favour, mayar da allura yanzu. Kawo fenisilin. A shirya min kayan ɗibar ruwan baya, ina so in tabbata ba ta kai ƙwaƙwalwa ba. A mayar da zanin gadon nan."

Magadaliya ta ja da baya da ɗanta, ta ƙanƙame shi.

"A'a. A'a, Dakta. Kun ce ya warke. Baban shi ya tafi neman tasi. Mama na gida ta dafa gwate tana jiran mu. Wane irin wasa ne wannan?"

"Madam, ki yi haƙuri..."

"Ba haƙuri! Kwana uku kuna huda min yaro. Jiya kun ce babu komai, yau kun ce akwai. Gobe kuma me za ku ce? Ni da wanne zan yarda?"

Rahma ta matsa gabanta. Ruwa na ɗiga daga rigarta a kan tayil.

"Maman bebi, ki yarda da wannan. Ki zage ni, ki mare ni in kin so, amma kar ki fita da shi. Cutar tana nan a jininsa, allura ce ta danne ta. In kika kai shi gida za ta tashi, kuma ba lallai ki iso da shi nan a kan lokaci ba. Kwana goma kawai."

Magadaliya ta dubi idonta. Ban san me ta gani a ciki ba, amma a hankali hannunta ya saki. Ta miƙa wa Sista Favour jaririn. Da allurar ta shiga ya tsala ihu, uwar ta runtse ido kamar ita aka soka.

Dakta na juya fayil, tana magana da kanta. "Amma ban gane ba. A nan ta yi awo. An yi mata gwajin, na ga an rubuta babu. Da an gani ai da mun yi mata allura a ɗakin haihuwa, da duk wannan bai..."

"Ga takardar," in ji Rahma.

Ta zaro ta daga aljihu. Gefenta ya jiƙe, amma sa hannun na nan daram. Ba Dakta ta miƙa wa ba. Magadaliya ta miƙa wa.

A daidai lokacin Oga Hezekiya ya iso bakin ƙofa, da lemar Rahma a hannunsa. Ya tsaya cak.

Magadaliya ta bi takardar da yatsa har ƙasa.

"Wane ne R. Haladu?"

"Ni ce."

"Ke kika rubuta ba ni da komai?"

"Ni ce. Na san farantin ba shi da kyau, na sa hannu. Ba wanda ya riƙe min biro. Da na ƙi a ranar, da ɗanki bai kwanta a nan ba."

Jaririn na ta kuka. Kowa jira yake a ji ƙarar mari. Rahma ma ta tsayar da fuskarta, ba ta sunkuyar ba.

Marin bai zo ba.

Magadaliya kallon kwanan watan take. Leɓenta na motsi, kamar mai tuno wani abu. Da ta ɗago, fushin ya bar fuskarta, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi muni.

"Ranar Alhamis ne," ta ce. "Mu tara ne a benci."

"Haka ne."

"Duk ke kika yi mana?"

"Duk ni ce."

"Duk babu komai?"

"Duk."

Magadaliya ta sauke takardar.

"Anti, ƙanwata Yael ce a bayana a layin nan. Da kuka ce ba ta da komai, sai ta ce to me za ta zo yi asibiti. Shekaranjiya ta haihu a gida." Ta kamo hannun Rahma ta matse. "Da safen nan Mama ta kira ni. Ta ce jaririyar ta ƙi kama nono tun jiya, jikinta kuma zafi."